Yadda ake haɗa raket ɗin tsaro mai dogayen ƙuraje: jagora ga 'yan ƙwallon tebur na Akra

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, je ka tsaya a bayan teburin da kake atisaye a kai, ka yi ta ja da baya har bayanka ya taɓa bango. Ƙirga takun da ka yi. Wannan tazarar ce za ta zaɓa maka kaya, ba sunan kamfani ba. A gasar ƙasa da ƙasa filin tebur ɗaya yakan kai mita 14 a tsawo da mita 7 a faɗi, shi kuwa tebur mita 2.74 ne, wato kowane ɗan wasa yana da fiye da mita biyar a bayansa. A zauren Hathramani da ke filin wasa na Akra za ka samu wurin ja da baya. Amma yawancin teburan Nima, Maamobi, Sabon Zango da Fadama suna cikin baranda ne, ko ajin makaranta, ko ƙarƙashin rumfa, inda taku biyu ko uku kawai za ka yi ka ci karo da gini. Wanda ya sayi kayan mai sara, wato mai tsaron da ke saran ƙwallo daga nesa, alhali a irin wannan wuri yake wasa kullum, ya sayi abin da ba zai samu damar koyo ba.

Abin da robar take yi

Ƙurajen nan, wato 'yan tsinkunan roba da ke tsaye a fuskar raket, dogaye ne, sirara, masu laushi. Idan ƙwallo ta sauka a kansu sai su lanƙwashe, ba sa kama ta kamar yadda roba mai santsin fuska take yi. Saboda haka ƙwallon takan ci gaba da juyawa ta inda take juyawa tun farko, alhali ta sauya hanya. Abokin karawa ya aiko maka da juyin gaba mai ƙarfi, sai ta koma masa da juyin baya. Ya turo maka juyin baya, ka tura, sai ta koma masa da ɗan juyin gaba ko kuma babu juyi. Ya aiko da wadda ba ta juyi, ita ma haka za ta koma, fanko. Wannan na ƙarshe shi ne raunin robar, kuma duk ɗan wasan da ya ƙware ya san shi: zai yi maka doguwar sabis marar juyi zuwa bayan hannunka, ya jira ƙwallo mai sauƙi ya buga ta da ƙarfi.

Dokokin hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, sun rage wa robar ƙarfi sau da yawa. Tsayin ƙurji ba zai wuce faɗinsa da fiye da kashi goma cikin ɗari ba. Ƙuraje ba za su gaza 10 ko su wuce 30 a kowace murabba'in santimita ba. A 2008 aka hana masu sulɓi gaba ɗaya, waɗanda ko kaɗan ba sa kama ƙwallo. Ƙwallon ma ta ƙara girma daga milimita 38 zuwa 40 a shekarar 2000, sannan daga 2014 aka koma ta filastik mai alamar 40+, wadda juyinta bai kai na tsohuwar ba. Ma'anar duk wannan ita ce, robar yau ba ta cin maki da kanta. Idan wani dattijo ya ba ka labarin yadda yake tsayawa cik ƙwallo tana rikita mutane, gaskiya ya faɗa, amma robar da ya yi amfani da ita yanzu ba a yarda da ita.

Mataki na farko: kai wane irin mai tsaro ne?

Iri biyu ne, kayansu kuma ba ɗaya ba ne. Akwai mai sara, wanda yake ja baya mita biyu zuwa huɗu, ya bar ƙwallo ta sauko wajen ƙugu ko gwiwa, ya sare ta daga sama zuwa ƙasa. Joo Sae-hyuk na Koriya ta Kudu, wanda ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Faris a 2003 kafin Werner Schlager ya doke shi, shi ne misalin da kowa yake kawowa. Panagiotis Gionis na Girka da Ruwen Filus na Jamus ma haka suke wasa. Wannan salo yana son ƙafa, numfashi da fili.

Akwai kuma mai tarewa a bakin tebur, wanda ba ya ja baya. Yana tare ƙwallo da zarar ta tashi, ya datse ta gajere, ya tura mai juyin baya da sauri zuwa kusurwa, sannan ya kai hari da gaban hannu. Manika Batra ta Indiya, wadda ta ci zinare a wasannin Commonwealth na 2018, tana cikin wannan layi, haka ma Ni Xialian ta Luksambur da ta buga Olamfik ta Faris a 2024 tana da shekara 61. Ga mai ƙaramin wuri, ko wanda gwiwa ta fara yi masa gardama, wannan ya fi dacewa.

Kada ka ce za ka haɗa biyun tun daga farko. Zaɓi ɗaya, ka haɗa raket dominsa.

Mataki na biyu: robar ƙurajen da kaurin sosonta

A nan ne mutane suka fi yin asara, don haka a nan za mu daɗe.

Abu biyu ake dubawa a jikin robar. Na farko, yadda kan ƙurajen yake kama ƙwallo. Ɗauki ƙwallo ka goga a kai a hankali. Idan tana zamewa da sauƙi, robar za ta mayar da juyi sosai amma ba za ka iya ƙara naka ba. Idan tana ɗan turjewa, mayar da juyinta kaɗan ne a bugun tarewa, amma idan ka sara da ƙarfi za ka ƙara juyi, kuma za ka iya ɓoye wadda ba ta da juyi a cikin masu nauyi. Na biyu, laushin ƙurajen. Shafa su da yatsa. Masu laushi suna kwanciya da wuri, suna shanye gudu, suna ba da iko. Masu tauri suna jefa ƙwallo ƙasa-ƙasa da sauri, suna damun abokin karawa, amma kai ma sai sun dame ka.

Mai sara yana son mai ɗan kamu. Feint Long II da Feint Long III na Butterfly, da Curl P1V da Curl P4V na Victas, waɗanda a da ake sayarwa da sunan TSP, su ne aka fi gani a hannun masu sara. P1V tana ba da juyin baya mai nauyi a kan hari mai ƙarfi, sai dai tana son hannu mai sauri. Feint Long III da P4V sun fi laushi, sun fi sauƙin turawa a kan tebur, sun fi ba da damar sauya juyi. Mai tarewa kuwa yana son mai mayar da juyi. Grass D.TecS ta Tibhar ta yi suna a nan, amma tana da gudu, kuma ba ita ce ta fara koyo ba. Kamfanonin Jamus irin su Dr. Neubauer, SpinLord da Sauer & Tröger sun ƙware a robobin wannan salo.

Ga sabon shiga, shawararmu ita ce ya fara da ta China mai araha: Dawei 388D-1, ko Friendship 755, ko Palio CK531A, ko Yinhe Neptune. Kuɗin Feint Long guda ɗaya zai saya maka uku ko fiye daga cikinsu. Ba tsimi kaɗai ba ne dalili. A watannin farko za ka yi ta buga gefen raket a tebur wajen turawa, ƙuraje za su kakkarye, kuma wataƙila ka gane cewa kaurin da ka zaɓa bai yi maka ba. Gara wannan darasi ya faɗa a kan roba mai araha. 388D-1 tana da sauƙin sarrafawa a kowane salo, 755 ta fi ba da damar bugawa, CK531A ta fi mayar da juyi.

Sai soso, wato laushin da ke ƙarƙashin ƙurajen. A jikin kwali za ka ga lamba, ko haruffan OX. OX na nufin babu soso sam, roba ce kawai a kan katako. Ita ce ta fi mayar da juyi, ta fi rage gudu a bugun tarewa, ƙwallo takan sauka gajere. Mai tarewa a bakin tebur, OX zai ɗauka, ba wata tantama. Matsalarta daga nesa ce: ƙwallo tana jin katako kai tsaye, idan hari ya yi ƙarfi sai ta fita waje, kuma ba ka da abin da za ka ƙara juyi da shi. Soso na milimita 0.5 zuwa 0.6 shi ne tsaka-tsaki, yana kare ka daga taurin katako ba tare da ya cinye mayar da juyin ba. Mai koyon sara ya fara daga nan. Milimita 1.0 zuwa 1.2 shi ne na mai sara da ya kama hanya: ƙwallo tana nutsewa, ƙuraje suna naɗe ta, juyin baya yana nauyi, kuma tana da ƙarfin da za ta kai ƙarshen teburin abokin karawa daga mita uku. Milimita 1.5 ko 1.6 na ƙwararru ne, kuma a bakin tebur ta kusa zama roba ta yau da kullum, sabis mai juyi zai fara cin ka.

Ƙa'idar a taƙaice: duk ƙarin soso yana ba ka ikon yin naka juyin, yana kuma rage maka kariya daga juyin wani.

Mataki na uku: katako

Doka ta ce aƙalla kashi 85 cikin ɗari na kaurin katakon ya zama itace na gaske. Sauran ana iya sa siririn falle na kabon ko makamancinsa. Kai dai ka nemi itace zalla mai falle biyar. Kabon yana sa ƙwallo ta bar raket da wuri, alhali mai tsaro yana son ta ɗan daɗe a kai.

Kan katako na masu hari yakan kai milimita 157 a tsawo da 150 a faɗi. Na masu sara ya fi girma, wajen 165 da 155. Girman yana ba ka faɗin wurin da ƙwallo za ta sauka daidai, yana sa katakon ya ɗan lanƙwasa ya shanye ƙarfi, nauyin kan kuma yana taimakon saran. A jiki ko a kwali za ka ga DEF, ALL ko OFF, wato mai sanyi, matsakaici da mai gudu. Donic Defplay Senso mai sanyi ne, mai lanƙwasa, yana da kyau ga mai koyo. Victas Koji Matsushita, wanda aka sa wa sunan shahararren mai saran Japan, yana tsakiya: yana sara, yana kuma barin gaban hannu ya kai hari. Katakon Butterfly mai sunan Joo Saehyuk da jerin Diode da suka biyo bayansa suna da nauyi da gudu, na wanda ƙafarsa da hannunsa suka riga suka nuna ne. Yinhe 980 na masu ƙaramin aljihu ne, kuma ba abin rainawa ba ne.

Mai tarewa ba ya buƙatar babban kai. Girman yau da kullum ya fi masa, don ya yi saurin juya raket a tsakiyar jiki. Yana son katako mai ɗan tauri wanda ba ya lanƙwasa, saboda taurin ne yake sa OX ta mayar da juyi, amma marar gudu, DEF ko ALL. Za ka ji ana yabon katakon balsa saboda rashin nauyi. Ka sani cewa balsa tana da hali biyu: a taɓawa mai taushi tana da sanyi, amma idan ƙwallo ta zo da ƙarfi sai ta harba ta fiye da yadda ka zata. Wasu suna sonta, wasu ba su taɓa sabawa ba. Idan akwai mai ita a kulob ɗinku, ara ka gwada kafin ka saya.

Mariƙi: ɗauki miƙaƙƙe, mai alamar ST. Mai tsaro yakan juya raket a hannu a tsakiyar wasa domin ya sauya fuskar da za ta taɓa ƙwallo, kuma mai faɗin gindi, FL, yana maƙalewa a tafi. Nauyin katako tsakanin giram 80 da 90 ya isa. Idan ta intanet kake saye, nemi mai sayarwa ya ɗora a sikeli, domin katako biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta da giram biyar ko fiye.

Mataki na huɗu: robar gaban hannu

Ƙurajen suna fuskar bayan hannu ne. Da ɗaya fuskar, ta gaban hannu, za ka yi sabis, ka tura da juyi mai nauyi, ka kuma ci yawancin makinka. Mai tsaron da ba ya kai hari, abokin karawa zai yi ta tura masa ƙwallo cikin kwanciyar hankali har wasa ya kai minti goma, a shiga dokar gaggawa, inda mai sabis zai rasa maki idan mai karɓa ya mayar sau 13. Don haka kada ka sa roba matacciya.

Roba mai santsin fuska, mai kamu sosai, soso matsakaici, kauri milimita 1.5 zuwa 1.8. Tackiness Chop ta Butterfly tsohuwar robar sara ce, mai sanyi da juyi, amma harinta ba ƙarfi. Mark V ta Yasaka da Friendship 729 suna yin komai daidai gwargwado. Victas VS>401 an yi ta ne musamman don masu sara da suke kai hari. Tenergy ta Butterfly, roba mai gudu, da ire-irenta a kauri mafi girma suna hannun ƙwararru, amma a hannun mai koyo saran gaban hannu zai yi ta tashi sama. Mai tarewa zai iya ɗaukar 1.8 zuwa 2.0 tunda ba ya sara da ita.

Kan launi, fuska ɗaya dole ta zama baƙa. Ɗayar, tun watan Oktoba na 2021, tana iya zama ja, shuɗiya, koriya, ruwan hoda ko shunayya. Yawancin masu amfani da robar China mai danƙo a gaban hannu suna ɗaukarta baƙa, ƙurajen kuma ja. Ka yanke wannan kafin ka yi oda, don an sha samun wanda robobinsa biyu suka iso duk baƙaƙe.

Ka lura da nauyi. Roba mai santsi da aka yanka wa babban kai takan kai giram 45 zuwa 55, ƙuraje OX kuwa ba sa wuce rabin haka. Raket gaba ɗaya tsakanin giram 155 da 175 yana da daɗin riƙewa. Idan ya wuce haka, wuyan hannu zai gaji a wasa na uku.

Mataki na biyar: saye

Raket da aka riga aka haɗa, irin na shagunan kayan wasanni na Makola da manyan kantuna, ba shi ake nema ba. Wasu ma suna da gajerun ƙuraje marasa soso da ake ɗauka dogaye ne. Dogayen ƙuraje na gaske yawanci sai an yi oda daga China ko Turai, ko a saya wajen kocin da yake shigo da kaya, ko a ba ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya saƙo. Idan oda za ku yi, ku haɗu ku uku ko huɗu ku raba kuɗin jigila, kuma kowa ya sayi ƙurajensa falle biyu, domin ranar da ɗaya ta yage ba za ka samu madadinta a unguwa ba.

A gindin kowace roba ta halal akwai tambarin ITTF da sunan kamfani da sunan robar, a ƙere a jikinta, sababbi kuma har da lamba. Hukumar tana da jerin robobin da ta amince da su, ana kiransa LARC, yana shafinta na intanet kuma ana sabunta shi. Duba sunan robarka a ciki kafin ka tura momo. Roba mai tsada da aka karya mata farashi ƙwarai, musamman ta Butterfly, ka ɗauka jabu ce. Ka kuma tambayi girman fallen: katako mai tsawon 165 yana son falle da bai gaza milimita 170 ba, in ba haka ba gefe zai fito tsirara. Ta hannu kuwa, wadda aka riga aka yanka wa ƙaramin kai, ba za ta rufe babba ba.

Mataki na shida: mannawa

Gam na ruwa da aka yi don ƙwallon tebur kaɗai za ka yi amfani da shi. Sholisho na masu faci, gam ɗin takalmi da Super Glue duk ka bar su. Gam mai warin sinadari an hana shi tun 2008, yana sa siririyar roba ta nannaɗe, Super Glue kuwa ranar cirewa zai taho da fatar katako.

Idan katakon sabo ne, shafa masa man banish siriri sau ɗaya a fuskokin biyu, ka goge rarar nan take, ka bar shi ya kwana. Wannan yana hana zaren itace tashi idan ka zo sauya roba, yana kuma rage shan laima. Kada ka yi kauri, zai taurara katakon ya hana gam kamawa.

Fara da roba mai soso. Ɗiga gam kamar faɗin kwabo a kan soson, ka baza da guntun soso har ko'ina ya samu, ka yi haka a katako. Jira har farin ya ɓace ya koma garau. A busasshen lokaci minti goma zuwa sha biyar ne, amma a damina ta Akra, wajen Mayu da Yuni, yana iya ninka haka, sai ka sa fanka. Idan ka manna da sauran fari, gefe zai ɗago bayan kwana biyu. Daidaita gindin robar, inda rubutu yake, da bakin mariƙi, ka kwantar da ita a hankali zuwa sama, kana bi da kwalba kana murzawa ba tare da ja ba. Wanda ya ja roba wajen mannawa, idan ya cire ta za ta tsuke. Juya raket, ka yanke rarar da almakashi mai kaifi ko sabuwar reza, kana bin gefen katako. Doka tana son roba ta kai bakin katako ba tare da ta zarce ba.

OX ita ce mai wahala, domin siririya ce, da ta taɓa kanta ta manne. Hanya mafi sauƙi ita ce takardar gam mai fuska biyu da ake sayarwa don wannan aiki: manna ta a katako tukuna, ka yanke, sannan ka ɓare saman. Shimfiɗa robar a kan tebur mai santsi, ƙuraje suna ƙasa, ka kama kusurwoyinta huɗu da salatif ba tare da ka miƙe ta ba, sannan ka kifa katakon a kanta daga wajen mariƙi zuwa sama. Katako ake kai wa roba, ba roba ake kai wa katako ba. Idan gam na ruwa za ka sa, shafa shi siriri ƙwarai bayan ka riga ka kama kusurwoyin. Kumfar iska da ta maƙale a ciki tana sa ƙwallo ta mutu a wurin, don haka ɗaga daga gefe mafi kusa ka sake kwantarwa. Daga ƙarshe zagaye gefen raket da salatif na gefe mai faɗin milimita 9 zuwa 12. Ga mai ƙuraje wannan ba ado ba ne, shi ne yake kare layin ƙurajen waje daga bakin tebur.

Mataki na bakwai: gwaji da gano inda matsala take

Gwada da ƙwallo 40+ mai tauraro uku, irin wadda ake gasa da ita. Ƙwallo mai araha marar nauyi za ta yi maka ƙarya. Samu abokin da ya iya ɗaga ƙwallo da juyin gaba, ya yi ta aiko maka wuri ɗaya, kwando guda.

Idan saranka yana fita bayan tebur, duba hannunka tukuna: wataƙila kana tura gaba maimakon ƙasa, ko kana taɓa ƙwallo tun tana sama. A kan juyin gaba mai nauyi, raket yana kusan tsaye ne, saran yana sauka. Idan hannu daidai ne amma har yanzu tana fita, katakon ya yi gudu. Idan tana faɗawa raga ko tana sauka gajere daga nesa, soso ya yi siriri ko katako ya yi sanyi, ƙara daga 0.5 zuwa 1.0. Idan tana shiga amma abokin yana sake ɗagawa ba wahala, saranka ba sauri, ƙuraje ba sa lanƙwashewa, ko kuma robar mai sulɓi ce da aka yi don tarewa. Idan kana tura mai juyin baya tana tashi sama, ka buɗe raket kamar mai amfani da roba mai santsi. Da ƙuraje ana ɗan tsayar da raket ne a tura gaba. Idan sabis mai juyin gefe yana jan ƙwallonka waje, soso ya yi kauri ga wasanka.

Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, kuma a fara da mafi araha: kaurin soso, sannan irin robar, katako a ƙarshe. Ka ba kowane haɗi wata biyu zuwa uku na atisaye kafin ka yanke hukunci. Wanda ya sauya katako da roba a rana ɗaya ba zai san wanne ya gyara ko ya ɓata ba.

Kula da shi a yanayin Akra

Laimar bakin teku tana kwanciya a kan ƙuraje da kan roba mai danƙo, sai ka ga ƙwallo tana zamewa tana faɗuwa a gabanka ba dalili. Ya fi faruwa da yamma a ɗaki mai cunkoso. Riƙe ƙaramin tawul busasshe, ka danna shi a kan ƙurajen tsakanin wasanni, dannawa ba gogawa ba. A jakar raket ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. A hunturu kuma ƙura ce take shiga tsakanin ƙuraje. Tsohon buroshin haƙori mai laushi da ɗigon ruwa ya isa, ka bar shi ya bushe a inuwa, kada ruwa ya taɓa gefen katako. Fuskar gaban hannu a goge ta da soso mai ɗan ruwa bayan kowane atisaye, a rufe da leda. Ƙuraje ba a rufe su da leda mai danƙo.

Zafi shi ne babban mai kashe roba. Kada ka bar raket a mota, ko a bakin tagar trotro, ko a saman kabad ƙarƙashin rufin kwano. Ƙuraje suna taurara, su yi sulɓi, su fara karyewa daga gindi. Akwai masu shanya roba a rana da gangan ko su shafa mata mai don ta ƙara sulɓi. Doka ta hana duk wani gyara da zai sauya halin roba, kuma a gasa ana iya ƙwace maka wasa a kan haka.

Duk mako ka ɗaga raket a haske, ka lanƙwasa ƙurajen tsakiya da yatsa, ka duba gindinsu. Farin layi a gindi alama ce ta sun kusa zuba. Idan biyu ko uku suka fita a inda ƙwallo take sauka, sauya robar, domin tashin ƙwallo ba zai daidaita ba, kuma alƙalin wasa yana da ikon hana ka amfani da ita. Kafin a fara wasa dole ka nuna raket ga alƙali da abokin karawa su duba, kuma ba a sauya shi a tsakiyar wasa sai in ya lalace bisa haɗari. Saboda haka idan za ka shiga gasar hukumar ƙwallon tebur ta Gana, ko a Akra ko a Kumasi, tafi da raket na biyu mai katako iri ɗaya, roba iri ɗaya, kauri ɗaya, wanda ka riga ka yi atisaye da shi sau da yawa don ƙurajensa su yi laushi kamar na farkon.